Sakan Huɗu a Tsakar Gidan Rabi

Kabiru, kai ka jawo wannan babin, don haka kai za ka fara karanta shi kafin ka miƙa wa ƙannenka. Ranar da matarka ta sauka, ka zo ka durƙusa a zaure ka ce in zaɓa wa jaririya suna. Na ce a sa mata Rabi, sunan ƙanwata, gwaggonku da ta yi muku wanka ta goya ku ɗaya bayan ɗaya. Sai ka sunkuyar da kai kana jan bakin tabarma.

"Baba, a dai duba wani sunan," ka ce. "Ka san abin da mutane ke faɗa a kanta har gobe."

Ka ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, ɗana. Abin da mutane ke faɗa ɗin nan ni na ƙera shi da hannuna, a kan kwamfuta, a wani ɗan shago da ke bakin titi a nan Birnin Kudu, kuma aikin bai ɗauke ni rabin awa ba.

Kun taso kun tarar ana ce mini Sabo Mai Kyamara. Da ɗaukar biki na fara: aure, suna, saukar karatu. Abin da ya ɗaga ni sama da sauran ba ƙwarewa ba ce kawai, amana ce. Magidanci zai tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ku bar Sabo ya shiga, ba ya ɗaga ido inda ba a sa shi ba." Daga Birnin Kudu har Gwaram, har cikin Fagam, ni ne namijin da ake bari ya shiga cikin mata ranar kamu. Da wannan yardar nake ciyar da ku. Ana nan sai zamanin waƙar bidiyo ya shigo, duk saurayin da ya iya haɗa baiti biyu sai ya ce shi ma a ɗauke shi yana nuna sama da yatsa. Kai, na ga shirme a lokacin! Amma aikin ya shiga raina, don a nan na gane ba ɗauka ce sana'ar ba, yanka da haɗawa ne. Ana fara ɗaukar mawaƙi daga nesa, a ga dutse da gona da sararin sama. Sai a matso a ɗauko shi daga ƙugu zuwa kai. Sai kuma a cika allo da fuska kaɗai, har a ga ƙiftawar ido. In ka zauna gaban kwamfuta ka sa fuskar namiji yana duban dama, ka yanke, ka biyo da fuskar mace tana duban hagu, duk wanda ya kalla zai rantse da Allah juna suke kallo, ko da shi a Gwaram aka ɗauke shi ita kuma a Kano. Ranar da na gane wannan dabarar sai da na tashi na zaga shago don murna. Ina jin kaina wani gwani, alhali wauta ce ke ɗawainiya da ni.

A shekarar da nake ba ku labari, wani mawaƙi ɗan Sundimina mai suna Bashari ya kawo mini waƙar soyayya. Muryarsa ba laifi, kansa ne babu komai sai gashi. Ƙarshen damina ne, ko'ina shar, gero ya fitar da kai. Na ce mu je wani dutse da na sani a bayan wani ɗan ƙauye gaba da Sara. Na san shi ne don a ƙauyen Rabi take aure, gidan Malam Iliya, manomin riɗi da gyaɗa, mutum mai kawaici wanda ko sunana bai taɓa kama ba, sai dai Yaya. Bashari ya ɗauko wata yarinya daga Kano da za ta yi rawa a waƙar. Muka hau dutsen da hantsi, muka ɗauki na nesa, suka sauka can gefe don su canja kaya. Ni kuma ina zaune da sabuwar kyamarata mai zum mai nisan gaske, wato abin da ke jawo na nesa ya zo gaban ido. Hannu ya yi ta ƙaiƙayi. Daga saman dutsen nan ƙauyen duka a tafin hannunka yake: kowane tsakar gida, kowane rumbu, har makewayi marasa rufi. Na san bai kamata ba. Na ce a raina ai gidan ƙanwata kawai zan leƙa, in na sauka in nuna mata mu yi dariya. Na jawo gidan, na danna ɗauka.

Tana zaune a kan turmin da aka kifar, tana tsince gyaɗa a faifai, mayafi ruwan ɗorawa ya zame mata zuwa kafaɗa. Sai ta ɗago kai ta dubi hagu, fuskarta ta buɗe gaba ɗaya, wushiryarta ta fito. Ku ba ku taɓa ganin wushiryar gwaggonku ba, zan zo kan dalili. Na ja zum baya kaɗan in ga abin da take wa wannan fara'ar. Malam Iliya ne ya shigo daga gona, ya ɗora 'yarsu Zainabu a wuya, yarinyar ta cire malfarsa ta kifa a kanta, malfar ta haɗiye ta har kafaɗa. Shi ke nan abin da ya faru. Aka kira ni, na kashe, na koma aiki. Kafin mu kai ga ɗaukar fuskoki hadari ya haɗo daga gabas, direban yarinyar Kano ya ce shi ba zai kwana a daji ba, suka tattara suka tafi. Ruwa ya kore mu, ko gidan Rabi ban shiga ba.

Bayan kwana uku aka kawo wuta da rana, na zauna haɗawa. A wurin amshi, Bashari yana duban dama, ya miƙa hannu kamar mai roƙon ruwa. Wurin yana neman fuskar mace da za ta amsa masa. Na duba duk abin da na ɗauka na yarinyar Kano, duka daga nesa ne, ɗan guntun da ya matso kuwa ta ɗaure fuska kamar an ba ta maɗaci. Ina ta ja gaba ina ja baya sai ga Rabi. Ita ma mayafinta ruwan ɗorawa, kamar na yarinyar. Tana duban hagu, daidai inda nake so. Kuma shi zum in ya yi nisa yana narkar da duk abin da ke bayan mutum, ba katanga, ba rumbu, sai wani kore-kore kawai. Na yanko sakan huɗu, daga ɗago kanta zuwa fitowar wushirya, na jefar da inda Iliya ya shigo. Na rage gudun hoton har sakan huɗun nan ya miƙe ya zama goma sha biyu, ta riƙa ɗago ido a hankali kamar mai jin nauyin wanda take so. Na sa fuskar Bashari ta narke a cikin tata. Na maimaita a kowane amshi, sau uku. Wallahi ya yi kyau. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kuma wannan ne abin da ya rufe mini ido. Na ce wa kaina na ɗan dusashe hoton, na canja launi, wa zai gane?

Mahaifiyarku ce ta fara gani, da na kawo faifan bidiyon gida don in yi burga. Tana tankaɗe, ta saki rariya.

"Malam, wannan ai Rabi ce."

"Ke dai ba ki san aiki ba. Kama ce."

"Kama har da wushirya? Don girman Allah ka cire. Matar aure ce fa."

"An riga an kai Kano bugawa," na ce mata. Ƙarya nake, sai washegari aka kai.

Ranar kasuwar Sara faifan ya fita. Kafin sati biyu babu mai shayin da ba ya kunna shi, sannan ya shiga wayoyi, yara suna tura wa juna. A birni wataƙila da ya wuce salin alin. Amma a ƙauye fuska ba ta ɓuya, kowa ya san kowa tun yana tsumma. Aka fara cewa matar Malam Iliya ta fita kallon mawaƙa a dutse. Daga nan aka ce ba kallo kawai ba, ku dubi irin kallon. Samari suka riƙa rera amshin ƙasa-ƙasa in Iliya ya zo wucewa da garma a kafaɗa. A masallaci sahu ya riƙa yi masa faɗi. Shi Bashari da aka tambaye shi, maimakon ya ce bai taɓa ganinta ba, sai ya yi murmushi ya shafa gashi, don abin ya ƙara wa waƙarsa kasuwa. Tir da hali irin nasa, amma ni ba ni da bakin zaginsa.

Wata Laraba bayan azahar Inna, kakarku, ta aiko a kira ni. Na tarar da Iliya a bakin ƙofar ɗakinta ya tanƙwashe ƙafa, Rabi kuma a ciki kusa da gado, Zainabu a cinyarta. Iliya ya gaishe ni yadda ya saba, har ƙasa. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Yaya, ban zo da rigima ba. Abu ɗaya nake so in sani. A ina ka ɗauke ta? Ta rantse mini ba ta taka ƙofar gida ba ranar. In ka ce haka ne, na yarda da kai, in koma da matata yau, masu magana su yi ta yi."

Ku duba fa yadda ya sauƙaƙa mini. Kalma ɗaya ce. Amma a ɗan tsakanin nan na hango abin da zai biyo baya. In na ce daga saman dutse na jawo tsakar gidansa, gobe duk ƙauyen za su tuna abin da ake hangowa daga dutsen. Za a ce Sabo yana hawa dutse yana leƙa matan mutane har makewayi. Wa zai ƙara cewa a bar ni in shiga cikin mata? Ga bukukuwan kaka sun matso, ga ku ƙanana. Na ji tsoro, tsoro ƙarara, ba wani suna da zan ba shi. Na dubi bango na ce:

"Mutane sun taru kallo a gindin dutse. Na juya kyamara cikin taro. Ban ma lura ita ce ba sai da aiki ya fita."

Rabi ba ta yi ihu ba. Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba.

"Yaya, a tsakar gidana nake."

Na ci gaba da kallon bango.

"Yaya, gyaɗa nake tsincewa. Ka san a tsakar gidana nake."

Iliya ya ce, "To a nuna mini asalin kaset ɗin, in gani da idona."

"Na ɗora wani biki a kansa," na ce. Kowa ya san haka muke yi, kaset ɗaya sai ya ci aiki biyar, don haka ba wanda ya musa. Alhali yana cikin akwatin ƙarfe a shago, na ma rubuta masa "Dutse" a jiki.

Iliya ya miƙe. Sannan ya yi wa Inna sallama, ya ce Rabi ta ɗan zauna a gida tukuna. Bayan ya fita Inna ta ce Rabi ta kai yarinya waje. Ya rage daga ni sai Inna.

"Sabo, dube ni."

Ban iya ba.

"Ni na haife ku ku biyu. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya bango kake kallo. Ban san me ka ɓoye ba, amma ka tashi ka bi mutumin nan tun bai kai tasha ba."

Na ce to. Na fita, na bi ta wata hanyar. Na ce gobe zan je, in ƙura ta lafa. Gobe ta zo aka kira ni biki a Gwaram. Bayan kwana tara takarda ta iso, saki ɗaya. Ko a nan ƙofa ba ta rufe ba, akwai wata uku na idda, kuma kullum cikin wata ukun nan ina buɗe akwatin in ga kaset ɗin in mayar. Sau ɗaya har na sa shi a aljihu na hau mota, da muka isa Sara na sauka na sayi rake na juyo. Idda ta cika. Da aka yaye Zainabu dangin uba suka zo suka ɗauke ta. Ina tsaye a zaure lokacin da aka ɓamɓare hannun yarinyar daga zanen uwarta, kuma bakina bai buɗe ba.

Manema ba su zo wa Rabi ba, sai irin waɗanda ke zuwa da amshin waƙa a baki, ta kore su. Bayan 'yan shekaru Inna ta rasu, Rabi ba ta da inda za ta, sai gidana. Ku yi tunanin wannan: gidan mutumin da ya rushe nata. Ta shigo da akwatinta ɗaya, ta karɓi ɗakin da ke kusa da madafa. Ita ta yi wa mahaifiyarku wankan jego sau huɗu. Ita ta yi jinyarka, Kabiru, lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da kai. Kullum da safe za ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina kwana," in amsa ina kallon bango. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Abu biyu kawai suka canja. In dariya ta kama ta sai ta kai bakin mayafi ta rufe baki, shi ya sa ba ku san tana da wushirya ba. Kuma in na shigo da kyamara, ko ranar sunan ɗayanku ne, sai ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Kuna ce mata baƙauya, kuna dariya, ni ma ina taya ku don kada a gane. Ni kuwa sana'a ta ci gaba da bunƙasa. Magidanta suka ci gaba da cewa a bar Sabo ya shiga, ba ya ɗaga ido.

Mahaifiyarku ta sani, ko ta yi zato. Sau ɗaya ta ce mini, "Malam, abincin da Rabi ke dafa maka yana wuce maka kuwa?" Na daka mata tsawa. Ba ta ƙara ba.

Shekara goma sha ɗaya Rabi ta yi a gidan nan, sannan ciwon ciki ya kwantar da ita. Ranar da jikin ya yi tsanani na shiga ɗakinta da hantsi da niyyar in faɗa, in roƙi gafara. Na zauna, na ce, "Rabi." Ta buɗe ido ta ce, "Yaya, an ba yara koko?" Na ce an ba su. Na tashi na fita. Kafin la'asar ta cika. Da aka zo neman hotonta don Zainabu, wadda ta zo ta'aziyya da goyonta, aka birkice gidan mai kyamara kaf ba a samu ko ɗaya ba. Iliya ma ya zo, ya zauna can ƙarshen tabarma, ya yi addu'a ya tafi.

Sai da ka ƙi sunan nan, Kabiru, na sake buɗe akwatin. Kwana biyu bayan suna na kai kaset ɗin aka juye mini shi a waya, don idona yanzu ba ya iya aikin. Na hau mota zuwa Sara, na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da Iliya a gindin ɗorawa yana gyaran igiya, gemu ya yi fari fat. Ya yunƙura zai durƙusa, na ce ya zauna. Ban yi wani dogon bayani ba, na kunna na miƙa masa. Ya riƙe wayar da hannu biyu. Ga Rabi a kan turmi, ga faifan gyaɗa. Ta ɗago, ta yi fara'ar nan da duk ƙasar nan ta sani. Sai hoton ya ja baya, ga katangarsa, ga rumbunsa, ga shi da kansa da baƙin gemu, ga Zainabu a wuyansa cikin malfa.

Bai motsa ba har ya ƙare.

"Ni take kallo," ya ce.

"Kai take kallo."

"Mayar da shi baya."

Na mayar. Ya sake cewa in mayar. Sau shida muna haka, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan gilashin, yana gogewa da babban yatsa don kada ya rufe masa fuskarta. Sannan ya tambaye ni, a hankali, yaushe na samo wannan.

"Yana wurina tun ranar. Ban taɓa ɗora komai a kansa ba."

Na jira ya zage ni, ko ya ɗauki sandar da ke gefensa. Sai ya miƙo mini wayar ya ce in tura wa Zainabu, tana aure a Fagam, ta girma tana jin kunyar sunan uwarta. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi nasa mai sauƙi ne, shi ma ya yarda da hoto ya ƙi yarda da rantsuwar matarsa, da wannan zai kwana har ya mutu. Wadda ya kamata in roƙa, ya ce, shekara goma sha ɗaya tana kawo mini ruwan alwala. Ya raka ni har bakin hanya yadda ake raka suruki, ya tsayar mini da babur, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya." Na miƙa masa hannu, ya mayar da nasa baya.

Jaririya ta riga ta samu suna, ban ce a canja ba, kuma ban isa in ce ba. Abin da nake so shi ne ku kalli abin da ke cikin wayar nan har ƙarshe, kada ku tsaya a sakan huɗu. Ku nuna wa duk wanda ya taɓa rera amshin nan, ku ce ubanku ne ya hau dutse ya leƙa gidan mutane, ya yanka, ya haɗa, ya yi ƙarya a gaban uwarsa. In an tambaye ku gwaggonku kuwa, ku faɗi abin da ta faɗa sau biyu a ɗakin Inna ba wanda ya tsaya mata. Gyaɗa take tsincewa. A tsakar gidanta take.